Gindin Faifai

Wani maƙwabcina ya dawo daga Umara ya kawo mini dabino a cikin kwali mai ƙyalli, an liƙe shi da leda kamar maganin asibiti. Ya ce ajwa ce, baƙin dabinon nan na Awali a Madina, inda na taɓa aikin gona. Na ɗauki ɗaya na sa a baki. Ajwa ce, amma an wanke ta an shafe ta da mai don ta yi sheƙi a idon baƙo. Ya ciro waya ya nuna mini hoton wurin. Inda na san katangar laka da ƙofar itace, yanzu titi ne da benaye da shagunan turare. Ya ce ai an ci gaba. Na ce to. Ya ce wai wasu gonakin ma ba a hawa bishiya yanzu, inji ne ke fesa wa dabino garin furen namiji daga ƙasa. Na ce to, na miƙa masa wayarsa.

A zamaninmu babu inji sai na ruwa. Shi ke tashe mu da wannan bugu nasa da ake ji har cikin haƙarƙari. Sai ruwa ya biyo kwata yana gunaguni, kurciyoyi su kama kuka a kan katanga, wani Basudane da muke ɗaki ɗaya ya kunna kaset ɗinsa da ya tsufa har muryar mawaƙin ta koma ta akuya. Shayi, gurasa, dafaffen wake, sai igiya a ƙugu. Dabino ba ya haihuwa sai an aurar da shi. In sanyi ya fara ja da baya, sai a sare kwanson namiji a shanya zangarniyarsa a inuwa. Sannan mutum ya hau kowace mace, ya fara da aske ƙayoyin gindin reshe, ya buɗe kwansonta, ya cusa zangarniyar namiji kai ƙasa, ya zare ganye ɗaya ya ɗaure. Larabawa talkihi suke ce wa aikin. Mu aure muke ce masa. Ƙayar dabino tsawon yatsa gare ta, in ta shiga gaɓa sai hannu ya kumbura kamar an hura shi, kuma gobe da shi za ka hau. Na ga wanda ya faɗo ya karye ƙugu, aka sa shi a jirgi aka mayar gida kamar buhun da ya yage. Ba wanda ya yi kuka. Yaran yanzu waya ce za ta suɓuce daga hannunsu su dafe ƙirji kamar an yi mutuwa.

Mai gonar Balarabe ne, ban gan shi da idona ba sai jefi-jefi daga cikin mota. Wanda ke kanmu shi ne wakilinsa. Bahaushe ne a jini, ɗan ƙasa a takarda, an haife shi a Madina, an haifi ubansa a Madina. A gabansa Ammu muke ce masa, wato kawu, a bayansa Wakili. Ya fi mu baƙi, amma in ya buɗe baki ya ce mana takari sai ka ɗauka daga cikin gajimare aka sauko da shi. Hausarsa guntu-guntu ce, rabin magana sai ya zame Larabci, 'ya'yansa kuwa in ka gaishe su da Hausa sai su amsa da Larabci suna kallon wani wuri. Aikinsa zama a rumfa kusa da inda ruwa ke fita daga gona, da shan shayi, da labarin kakansa. Kakan nan ya zo da ƙafa daga Sakkwato. Wata rana malami ne. Wata rana alƙali ne. Da muka daɗe tare sai da ya kai shi ɗan sarki. Ɗaya aikin nasa kuma neman gicciye. A shekarun nan an yi yayin abin, mutane suna kifa takalmi suna duba ƙasansa, suna duba tayar mota da zanen bargo. Wakili ya taɓa mayar da sabon takalmi kasuwa, ya dawo yana ba mu labari kamar wanda ya ci yaƙi.

Ni ba ni da kakan da zan ba da labarinsa. In aka ce ɗan ina ne, sai in ce ɗan tasha. Abin da na sani shi ne ciwo ya shiga gidanmu ina ƙarami ya share kowa, wani direban babbar mota ya ɗauke ni ya kai ni Kano, ya ce sunana Bala, ya ba ni tsumman goge gilashi. Daga nan dako, daga dako yaron mota, daga yaron mota hawan giginya da goruba a hanyar Gumel, har wani ejan ya ga yadda nake hawa ya ce akwai aiki a Saudiyya. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini addini, ba kuma wanda ya tambaye ni. Ana tashi salla in tashi, ana sunkuyawa in sunkuya, in motsa baki. Ejan ya cika takardu ya rubuta abin da ake rubutawa. Haka na shiga garin da ba a barin wanda ba Musulmi ba ya taka, kuma ban ji wani abu ya motsa a cikina ba, don ban san akwai abin da zai motsa ba.

Ina da wata ɗabi'a. In muka sauko hutun rana, wasu su yi barci, wasu su yi ta hirar matan da suka bari a gida, ni sai in zare ganyen dabino in tsaga shi biyu in yi ta naɗewa. A lanƙwasa nan, a zura can, a juya, a ja, sai ga wani abu mai tsawo da hannu biyu, da ɗan wutsiya da nake lanƙwasawa sau biyu ta baya. Ban san wanda ya koya mini ba. Hannuna ke yi, kamar yadda wani ke kaɗa ƙafa. In na gama in jefa a kwata ruwa ya tafi da shi, in zare wani ganyen. Lokacin aure abin ya fi kama ni, don ganye na hannuna tun safe. Ni da na ji Wakili yana ta maganar gicciye, ban taɓa haɗa shi da abin da ke hannuna ba. A kaina gicciye wani abu ne na ƙarfe ko zinariya da Turawa ke ratayawa. Wannan ciyawa ce.

Akwai wata tsohuwa da ke zuwa ɗibar ganye. A Ranuna take zaune, wajen Kuba, tana saƙa faifai da mafici da kwanduna tana kai wa masu shago. Inna muke ce mata. Tun tana amarya ta baro gida da mijinta, suka ratsa Cadi, suka tsinci auduga a Sudan shekara da shekaru, suka haye teku a jirgin ruwa. Mijin ya mutu, 'ya'ya ba su tsaya ba, ita ta tsaya. Ba ta da haƙori ko ɗaya a sama, kuma ba ta da tsoron kowa. Ita ce ta faɗa mini kakan Wakili ɗan ga-ruwa ne, ta san shi da tsufansa, kuma mutumin kirki ne da ya fi jikansa sau dubu. Ran nan ta same ni a gindin bishiya ina naɗi. Ta tsaya a kaina har inuwarta ta rufe hannuna. Ta fizge abin ta dunƙule a cikin mayafi, ta waiga hagu da dama.

"Kai, ɗan nan, wa ya koya maka wannan?"

Na ce ba kowa.

"Ba kowa. Ɗago fuskarka in gani." Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta bi tsagar kumatuna da yatsa. "Bamaguje. Tun ranar da na fara ganinka na ce wannan tsagar tamu ce. Ka san abin da kake naɗewa, ko kuwa jaki ne kai?"

Na ce jaki ne. Ta ce ta ga alama.

A ranar ta faɗa mini. Ta ce a ƙasarsu, can bayan Malumfashi, gida ɗaya ne ya rabu uku. Wasu suka bi liman, cikinsu har da ubanta. Wasu suka tsaya da tsafinsu da tukunyar giyarsu. Wasu suka bi Fada, wani Bature mai farar riga da ke zuwa a kan babur, su ake ce wa 'yan Katolika. Goggonta tana cikinsu. Ta ce akwai wata Lahadi a shekara, daidai wannan lokaci na farkon zafi, da 'yan Fada ke yanko kaba su yi ta zagaye da ita suna waƙa, sannan su naɗe ta haka su soke a jinka, ta shekara a nan, a ƙone ta a shafa musu tokar a goshi. Ta ce abin da ke hannuna gicciye ne, kuma in Wakili ya gani, ko ya ce gicciye ko ya ce sihiri, duk mota ɗaya ce za ta zo ta ɗauke ni. Ta ce in na sake tsaga ganye ita da kanta za ta karya mini yatsu.

Daga nan duk zuwanta sai ta sa ni ɗaure mata kaya, tana yi mini tambaya kamar 'yan jawazat masu duba takarda. Me nake tunawa? Na ce ba komai. Ta ce ƙarya ne, ba a share kan mutum kamar tsakar gida. Wace rana ce kasuwarmu? Ban sani ba. Akwai rafi? Akwai dutse? Sai na ji bakina ya ce akwai dutse kamar raƙumi a durƙushe. Ta ce to. Wani zuwan na ce akwai tsamiya da aka rataya wa ƙarfen tayar mota, ana buga shi da safe, mu ruga. Ta ce to. Abin ya riƙa zuwa ina kan bishiya, ba na nemansa. Wata tsohuwa mai warin daddawa ta sa ni a tsakanin gwiwoyinta, hannunta a kan nawa, muna lanƙwasa kaba. Babban yatsa mai sanyi a goshina, da toka tana zubo mini a hanci, ina atishawa ana dariya. Da marin da direban nan ya yi mini a wata bukkar mai abinci, ranar da na taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu kafin in sa hannu a kwano. Na tuna marin shekara da shekaru, amma na manta dalilinsa. Inna ta haɗa raƙumin da tsamiyar ta faɗi sunan ƙauyen. Ta ce daga garinsu ana hango dutsen. Mutanen yanzu suna tofa yawu a kwalba su aika ƙasar Turawa wai a faɗa musu asalinsu. Ni tsohuwa marar haƙori ta tono mini nawa tana ɗaure ganye.

Na daina naɗi. Amma ban tuna da waɗanda na riga na jefa ba. A ƙarshen kwata, dab da rumfar Wakili, akwai ragar ƙarfe da ke tare shara kafin ruwa ya ratsa katanga ya shiga gonar maƙwabta. Ba wanda ke taɓa ta sai ta toshe. Wata hantsi ta toshe, ruwa ya malalo har ƙarƙashin tabarmar Wakili ya jiƙa masa riga. Haushi ya sa ya ɗauki manjagara da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya jawo tuli guda. Wasu sun yi baƙi sun ruɓe, wasu da sauran korensu, duk da hannu biyu da wutsiya. Mutumin da ya shekara yana neman gicciye a ƙasan takalmi, yau ga shi ya samu cikin manjagara.

Ya tara mu a rana. Ya ɗora ɗaya a tafin hannu yana zagaya mu da shi, yana cewa esh hada, esh hada, wato mene ne wannan. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa, yana da tasa a ɗamara, ya ciro ta ya riƙe a ɗaya hannun. Ya ce a garin Manzo, a gonar da aka ba shi amana. Ya ce ko mai abin ya fito, ko ya kira hukuma ta kwashe mu duka a tantance a can. Na san can ɗin. Wanda aka kai da zargin sihiri, in ya yi sa'a shi ne wanda aka yi wa bulala aka tsare aka kora. Basudanen ɗakinmu ya sha ganina ina naɗi. Ya zuba wa yatsun ƙafarsa ido kamar yau ya fara ganinsu.

Sai ga Inna ta shigo da laujenta da igiya. Ta dubi tulin, ta dube ni, ba ta ko ƙifta ido ba.

"Kai, Wakili, kayana ne ka baza a ƙasa kamar kashin awaki?"

Ta ce ita ta sa ni in riƙa fara mata gindin faifai, don idonta ya mutu, kuma ta ce in jiƙa su a kwata saboda busasshen ganye karyewa yake yi, ga shi sakarai ya bar ruwa yana kwashewa. Wakili ya ce ya Hajja, wannan salib ne, gicciye, kowa ya gani. Ta zauna a kan tabarmarsa, ta zaɓi mai sauran kore, ta zaro basilla daga ɗankwali, ta tsaga ganye, ta fara zagaye shi da ɗinki. Ba ta yi sauri ba. Muna tsaye rana na dukanmu, injin ruwa na bugawa, wayar na hannun Wakili. Hannuwan abin suka fara shigewa cikin saƙa, zagaye bayan zagaye, har ya zama ɗan faifai kamar tafin hannu. Ta cilla masa a cinya.

"Ga salib ɗinka. Je ka kifa kowane kwando a ɗakin uwarka ka duba gindinsa, sannan ka kira mata hukuma."

Wakili ya juya shi gaba da baya. Ya ce to ta rantse da Allah ita ta sa ni.

"Ni na yi wa uwarka wankan jego ranar da aka haife ka. Ba zan kira sunan Allah a kan ciyawa ba don ka ji daɗi. In kana da kunya mayar da wannan abin ɗamararka."

Ya mayar. Ya zage ni, ya ce in kwashe sharar in kuma daina wasa da ruwan mutane, ya ce yalla kowa ya koma aiki. Da yamma har ya fara ba wani labarin yadda ya gano abin da kansa.

Na ɗaure mata kayanta na kai mata bakin ƙofa. Na buɗe baki zan yi godiya ta ce in rufe. Fuskarta ta canza, ba wadda ta yi wa Wakili ba ce. Ta ce ta bar uwa da uba ta taka ƙasa uku da ƙafa don ta mutu a garin nan da baki mai tsabta, yau ga shi ta yi ƙarya a cikinsa da furfurarta saboda wani jaki. Ta ce wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, za ta yi ta roƙo. Amma ba za ta yi ta biyu ba.

"Da ba ka sani ba. Yanzu ka sani. In Musulunci kake so, gobe in kai ka wurin malami ka faɗa da zuciyarka, ka koyi salla irin ta mutane, ka zauna, in ka mutu a kai ka maƙabartar Baƙi'a. Zan fi kowa murna. In kuma zuciyarka tana wurin tsohuwar nan mai daddawa, to ka tattara ka bar mana garinmu. Amma kar ka sake tsayawa a sahu kana motsa baki kamar akuya na tuƙa. Ba ka girmama mu ba, ba ka girmama ta ba."

Ta ce ta ba ni zuwa a gama sare dabino.

Ban ga haske ba, ban yi mafarki ba. Masu cewa sun gani, su suka sani. Na yi ta aikina. Dabino ya yi kore, ya yi ja, ya yi baƙi, zafi ya kai inda ƙarfe ba ya taɓuwa. Ina da abinci, ina da ɗaki, ina da igama, takardar zama da mutane ke ɓuya a rufin gidaje saboda rashinta. A gida ba ni da ko bukka. Duk mai hankali zama zai yi. Kuma ban ga laifin mutanen da nake tsayawa tare da su ba, Basudanen nan da ya kalli ƙafarsa ya fi mutane da yawa da na sani daga baya a coci. Sai dai wata rana ina can sama ina sare nonon dabino, sai na ji yadda tsohuwar nan mai daddawa take kirana in na yi nisa. Ba Bala ba. Bitrus. Da muryarta, da yadda take jan ƙarshensa. Na riƙe igiya na daɗe. Duk duniya mutum ɗaya ce ta taɓa sa ni tsakanin gwiwoyinta ta koya mini wani abu ba da mari ba, kuma abin da ta koya mini ke nan. Na sauko na san ba zan iya zuwa wurin malami in faɗa da zuciyata ba.

Da na ce wa Wakili a yi mini takardar fita ba dawowa, ya dube ni kamar mahaukaci. Ya ce mutane na sayar da gona don su zo, ni ina fita da ƙafata, lalle takari ba ya gane alheri. Na ce haka ne, Ammu. Inna ta zo ranar tafiya da faifan nan, ta ƙarasa shi ya zama cikakke, da jan zare a baki. Ta tambaye ni ko na tuna sunan. Na faɗa mata. Ta ce ita dai ta so a ce ɗaya hanyar na bi. Sannan ta ce, "Sauka lafiya, Bitrus." Ita kaɗai ta taɓa faɗin sunan nan a garin. Motarmu ta tsaya a Bi'ir Ali, fasinjoji suka sauka suka yi wanka suka ɗaura harami, suka dawo fari fat suna talbiya. Ni ina kujerar baya da rigata mai datti da faifai a cinya. Ba wanda ya kula.

Na sami dutsen. Bai kai yadda nake ganinsa a kaina ba, amma raƙumi ne a durƙushe. An sare tsamiyar. Cocin laka ya zama na bulo da kwano. Mutanen da na fara tambaya ba su ji sunan kowa ba, jakata suke kallo, sun ji an ce daga Saudiyya nake, kowa ya zama ɗan'uwana har sai da suka ga babu agogo babu darduma, sannan zumuncin ya watse. Na kama ɗaki na yi ta noman ƙodago. Da Lahadin kaba ta zagayo na tsaya a baya, aka miƙo mini ganye, hannuna ya yi abinsa. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, idonta ya kusa rufewa, ta karɓa ta shafa, ta kai yatsa kan wutsiyar ta tsaya. Ta ce wannan lanƙwasa biyun na gidan Kande mai daddawa ne, ba mai yin sa sai ita, kuma gidan ya ƙare tun shekarar ciwo. Na ce bai ƙare ba. Bayan sujada ta kama hannuna ta kai ni wani fili a bayan gari inda ake shuka gyaɗa, ta ce nan ne ɗakin Kande, can kuma aka binne su. Babu abin gani, ƙasa ce. Na tsaya, na taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu, ba wanda ya mare ni.

Addu'o'in na koye su da girma, a bakin yara, suna yi mini dariya. Ina zuwa sujada, ina karɓar toka, ina zama a bencin baya. Yanzu an kawo lasifika da jita da ganga ta Turawa, ana ihu kamar Allah kurma ne. Ran Lahadin kaba rabin mutane ba su iya naɗi ba, sai su riƙa kaɗa ganyen kamar masu korar ƙuda, ɗaya hannun yana ɗaukar hoto. Bara wani sabon Fada, yaro ne da bai taɓa kwana da yunwa ba, ya ji labarina ya zo har gida. Wai in tsaya a gaban jama'a in ba da shaidar irin wahalar da na sha saboda bangaskiya a ƙasar Larabawa, a ɗauka a waya a watsa. Wai faifan kuma a sa shi a gilashi a coci. Na ce masa ban sha wahalar komai saboda bangaskiya ba, dabino na ci na ƙoshi. Wadda ta biya wani abu a ranar Musulma ce, kuma in zai sa ta a wayarsa ya sa ta da sallarta. Ya ce ai ba haka ake so labarin ya tafi ba. Na ce na sani. Na raka shi ƙofa.

Maƙwabcin nawa yana shirin tashi na tambaye shi ko ya shiga Baƙi'a. Ya ce ya shiga, har ya so ya ɗauki hoto aka hana shi. Na ce akwai wata tsohuwa a ciki, don ba ta isa ta kai yanzu ba, kuma abin da take jira ke nan tun ina can. Na ce in Allah ya sake kai shi, ya tsaya ya yi mata addu'a irin tasu, tawa ban san ko za ta so ba. Ya ce mene ne sunanta. Sai a lokacin na lura ban taɓa tambaya ba. Na ce ya ce Inna mai faifai, wanda ake roƙo ya san ta.

Da ya fita na yage sauran ledar, na jefar da kwalin a murhu, na ɗauko faifan daga kan kwanon tuwona na juye dabinon a kai. Ya yi baƙi, bakinsa ya zare, jan zaren ya koɗe. In ka kifa shi ka duba tsakiya za ka ga hannu biyu da wutsiya, in ka san abin da kake nema. Na kai wa yaran gidan suka cinye.